Yaro Ba Ya Lalacewa Shi Kaɗai: Abin Da Littattafan Samari Suka Taru A Kansa

Duk wanda ya taɓa kwana a Suleja ya san garin ba ya jiran fitowar rana. Tun da assalatu motoci suke cika da ma'aikata da 'yan kasuwa da leburori, su bi ta Madalla, su wuce gindin Dutsen Zuma, su nufi Abuja, ba kuwa za su komo ba sai bayan magariba, wasu ma sai an sallaci lisha. To, tsakanin fitarsu da komowarsu akwai wata jama'a da akan bari a baya, watau samari da 'yan mata masu shekara 13 zuwa 19. Wasunsu suna makaranta, wasu suna wajen koyon sana'a, wasu kuwa suna bakin tasha da lungunan kasuwa, babu mai tambayarsu inda suka yini.

Irin waɗannan yara na ƙarshe su ne marubutan ƙagaggun labarai suka daɗe suna bin sawunsu. In mutum ya jera littattafan da aka rubuta a kan yaron da ya shiga wani hali a lokacin balagarsa, na Hausa da na Turanci, na gida da na ƙetare, zai ga abin mamaki. Marubutan ba su san juna ba, zamaninsu ma ba ɗaya ba ne, amma mutanen da ke cikin labaran kusan su ne dai, sai a sake musu suna da riga. Akwai uban da ba ya nan, akwai birnin da ke kira, akwai maigidan banza da ke jira a bakin hanya, sa'an nan akwai wani mutum guda da yakan miƙa hannu. Abin da littattafan suka taru a kansa kuwa shi ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma galibi babba ne yake tsaga bangon.

Dalilin Da Ya Sa Zancen Ya Shafi Suleja

Shi kansa garin nan masu barin gida ne suka kafa shi. Lokacin jihadi, a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa ya yiwo kudu, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja a 1828. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai aka bar wa sabon birnin sunan Abuja, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun da gwamnati ta taso daga Ikko a watan Disamba na 1991, tsadar haya a Abuja ta yi ta turo mutane zuwa Suleja da Madalla, rushe-rushen gidaje na tsakanin 2003 da 2007 kuma ya ƙara wasu a kai. Garin da baƙi suka yi yawa a cikinsa, maƙwabci bai san asalin maƙwabci ba, nan ne labarin yaron da babu mai kula da shi yake saurin faruwa.

Bugu da ƙari, ƙasar da ta zama Jihar Neja tana da hannu dumu-dumu a farkon wannan adabi. A Kagara aka haifi Alhaji Abubakar Imam a 1911, yayansa Malam Bello Kagara ne ya rubuta Ganɗoki, shi kuma Cyprian Ekwensi a Minna aka haife shi a 1921. Saboda haka in muka yi zancen waɗannan littattafai, kayan gidanmu muke dubawa.

Uban Da Ba Ya Nan

Mu fara da gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a rubutun boko. A cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin ya tashi ne daga wani gari da marubucin ya kira Kagara, a wajajen Bida. Umar bai san mahaifinsa ba, domin ya rasu tun da wuri. Mijin uwarsa, wanda shi ma sunansa Makau, mahassada suka ƙulla masa sharri a fada aka kore shi daga gari. Uwar ta tafi ganin danginta ta bar yaron a hannun wata, sai aka sace shi, daga nan ya faɗa hannun masu cinikin bayi har aka ƙetara Hamada da shi. Ka ga duk masifar da ta sami Umar, babu wadda ya jawo wa kansa.

Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya fi wannan ɗaci. Malam Shehu attajiri ne a Galma, ba shi da ɗa, sai ya sa ƙarfin dukiya ya auri Zainabu, alhali kuwa da alkawari tsakaninta da wani saurayi, Abubakar. Abubakar ya shiga duniya neman hanyar ramuwa, bai kuwa rama a kan wanda ya cuce shi ba, sai a kan ɗan da aka haifa, wanda ake kira Kyauta. Yaron ya tashi ɓarawo, ya bar gida, ya sha ɗauri, daga ƙarshe ya kashe mahaifinsa ba tare da ya san shi ne ba. A nan uban yana raye, amma alhakin da ya ɗauka tun kafin a haifi ɗan shi ne ya faɗa kan ɗan. Ekwensi ya ba da wannan labari da Turanci a 1962 da sunan An African Night's Entertainment, masana kuwa sun daɗe da lura cewa tushensa Jiki Magayi ne.

Haka abin yake ko a ƙasashen Turawa. Oliver Twist na Charles Dickens, wanda ya fito a Ingila a 1838, maraya ne da aka haifa a gidan gajiyayyu. A Amurka, littafin The Outsiders na 1967, wanda wata yarinya mai suna S. E. Hinton ta rubuta tun tana makarantar sakandare, labarin wani yaro ne ɗan shekara 14 da iyayensa suka mutu a haɗarin mota, ya rage daga shi sai yayyensa biyu da 'yan ƙungiyarsu. Shi kuwa Holden na littafin The Catcher in the Rye, wanda J. D. Salinger ya fitar a 1951, iyayensa suna nan da ransu da dukiyarsu, amma sun tura shi makarantar kwana bayan makarantar kwana, babu wanda ya zauna da shi a kan baƙin cikin mutuwar ƙanensa. Watau dai maraicin iri biyu ne, akwai na kabari, akwai kuma na uban da ke raye amma bai san halin da ɗansa yake ciki ba.

Birni Da Kitsen Rogo

Abu na biyu da littattafan suka yi tarayya a kansa shi ne tafiya. Da wuya yaron ya lalace a tsakar gidansu, sai ya fita. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya sa samarin ƙauye suka yi ta ajiye fartanya suna nufar birni, Abdulƙadir Ɗangambo ya rubuta Kitsen Rogo. Ibrahim ya baro ƙauyensu yana zaton arziki na zube a birni, ya faɗa cikin miyagun abokai, ya shiga aikata laifi, ya ƙare a gidan kaso, sa'an nan ya gane cewa abin da ya hango fari fat kitsen rogo ne, ba ya maiƙo. Sunan littafin kaɗai ya isa wa'azi.

A daidai wannan zamani, can a Kenya, Meja Mwangi ya fitar da Kill Me Quick a 1973. Samari biyu ne, Meja da Maina, sun gama sakandare da takardar shaida a hannu, suka zo Nairobi neman aiki, suka ƙare suna kwana a bayan kantuna suna tsintar abinci a juji, kunya kuma ta hana su komawa ƙauye hannu rabbana, tun da iyayensu sun sayar da abin da suke da shi don su yi karatu. Wannan kunyar komawa gida babu ko sisi tana daga cikin abubuwan da suka fi riƙe yaro a cikin halaka, duk wanda ya san 'yan ci-rani kuwa ya san haka.

Bature Gagare ya kai abin matuƙa a cikin Ƙarshen Alewa Ƙasa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito a 1982 bayan gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya. Mailoma ɗan ƙauyen Maguzawa ne, ya shiga duniya ya zama ƙasurgumin shugaban 'yan ta'adda a Nijeriyar bayan yaƙin basasa, lokacin da bindiga da ƙwaya suka yi araha. A wannan littafi yaron da birni ya cinye shi ne ya juyo yana cin wasu.

Maigidan Banza

Da zarar yaro ya sauka a tasha, akwai mai jiransa. Wannan mutum bai taɓa ɓacewa daga littattafan ba. A Landan sunansa Fagin, tsohon da ke tara marayu yana ba su abinci da wurin kwana yana koya musu yankan aljihu. A Jiki Magayi wani gogaggen ɓarawo ne da Kyauta ya haɗu da shi suka shiga yawon sata gari gari. Abin lura shi ne, ba da zagi ko duka yake kama yaron ba. Yakan fara ne da abin da gida ya kasa bayarwa, watau tuwo da tabarma da suna, da jin cewa wani ya san da zamanka.

Marubutan zamanin nan sun nuna mana sabuwar rigar wannan maigida. A cikin Born on a Tuesday na Elnathan John, wanda ya fito a 2015, Ɗantala almajiri ne da mahaifinsa ya kai karatu wani gari da ake kira Bayan Layi. Da ya gama, mahaifin ya rasu, babu wanda ya zo ɗaukarsa, sai ya koma gindin kuka wajen samarin da ke shan wiwi, babbansu Banda ya zama masa kamar wa. Lokacin zaɓen 2003 'yan siyasa suka ba su kuɗi da makamai, aka yi ƙone-ƙone, aka harbe Banda, Ɗantala ya tsere zuwa Sakkwato.

Littafin Abubakar Adam Ibrahim, Season of Crimson Blossoms, wanda shi ma ya fito a 2015 ya kuma ci babbar kyautar adabi ta kamfanin gas na Nijeriya a 2016, ya fi kusa da mu, domin a Mararraba aka kafa labarin, garin da yake wa Abuja ta gabas irin hidimar da Suleja take yi mata ta wannan ɓangare. Reza shugaban 'yan daba ne mai sayar da wiwi, uwarsa ta bar shi tun yana ƙarami ta tafi Jidda, makaranta ta gagara, wani Sanata kuma ya mai da shi da yaransa karnukan farautarsa. Da amfaninsa ya ƙare, ransa bai kai na kaza daraja ba a wajen maigidan. Sunan wannan mutum yana sakewa daga zamani zuwa zamani, jiya ɓarawon tasha, yau ɗan siyasa ko dillalin ƙwaya ko mai wa'azin fitina, amma cinikinsa ɗaya ne.

Wanda Ya Miƙa Hannu

Sai dai marubutan ba su bar yaron da maigidan banza kaɗai ba. Kusan kullum akwai wani mutum guda a ɗaya gefen, kuma yawanci ba shi ya haife shi ba. Umar ya sami Abdulkarim, Balaraben da ya ɗauke shi tamkar ɗansa ya sa shi karatu, har ya zama shaihin malami. Ɗantala ya sami Shaihu Jamal a wani masallaci a Sakkwato, wanda ya ba shi wurin kwana da aiki da amana, ya kuma sami aboki, Jibril, wanda ya koya masa Turanci. Holden kuwa ƙanwarsa ce 'yar shekara 10 ta tare shi, ta ce in zai gudu sai dai su gudu tare, wannan ne ya sa ya fasa.

Babu inda aka zana wannan fafatawa a fili kamar a littafin farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Mugun Waziri ya haɗa baki da abokan gaba, yana neman hanyar da zai sa yaron ya fito daga fada a kama shi. Musa kuwa jinin samartaka na ɗibarsa, kullum dare sai ya yi ɗamara zai fita. Aku ne kaɗai ya tsaya, ba da sanda ba, ba da kulle ƙofa ba, sai da labari bayan labari har gari ya waye. Ga uban da ba ya nan, ga mai jira a waje, ga kuma mai riƙewa, duk a cikin fada guda.

Ita Kuwa Yarinya Fa?

Labarin 'yan mata ya sha bamban ta wata fuska. Shi namiji yakan gamu da halaka bayan ya fita, ita kuwa mace sau da yawa a cikin gida abin yake samunta, fitar ce ma takan zama mafita. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Abu 'yar shekara 13 ce, mahaifinta ya cire ta daga makaranta, saurayin da aka yi mata alkawari da shi ya guje ta wai jahila ce, aka ɗaura mata aure da dattijo, Sarkin Noma. Ta gudu birni wajen wata 'yar'uwarsu, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Mai miƙa hannu a nan mace ce.

A cikin The Stillborn na Zaynab Alkali, na 1984, Li ma tana da shekara 13 aka buɗe labarin, gidan mahaifinta ya yi mata ƙunci saboda tsanani, kakanta ne kaɗai take sakewa da shi, tana mafarkin birni ita da saurayinta Habu. Birnin ya ba ta kunya kamar yadda ya ba Ibrahim na Kitsen Rogo, amma ta komo ta yi karatun malanta ta riƙe gidansu. Yayanta Sule kuwa, da ya yi laifi uban ya sallama shi, sai ya bar ƙasar ɗungum. Marubuciyar ta nuna cewa tsananin da babu jan jiki a cikinsa yana korar yaro kamar yadda sakaci yake yi.

Yadda Ake Rufe Labarin

A wajen rufe labari ne marubutanmu suka rabu da na Turawa. Marubucin Hausa na da bai cika barin mai karatu cikin shakka ba. Ko dai yaron ya tuba ya koma gida kamar Ibrahim, ko ya zama malami kamar Umar, ko kuwa ya girbi abin da ya shuka kamar Mailoma. Dalili kuwa shi ne, yawancin littattafan don makarantu aka buga su, kuma al'adar tatsuniya da wa'azi ta saba rufewa da darasi. Salinger kuwa ya bar Holden yana jinya a asibiti, shi kansa bai san ko zai gyaru ba. Marubutanmu na baya-bayan nan sun ɗan karkata wajen wannan hanya. Ɗantala ya fito daga tsarewar soja da ransa, amma Shaihunsa an kashe shi, garin da ya sani ya watse, babu wanda ya yi mana alkawarin gobensa.

Kowace hanya da amfaninta. Ta farko tana tsoratar da yaro, ta biyun kuwa manya take tuhuma, domin tana nuna cewa tuban yaro kaɗai bai isa ba in babu inda zai koma.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Jama'a, wannan zance ya wuce hira. Binciken da aka yi a kan shan miyagun ƙwayoyi a Nijeriya a 2018, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 da suka yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda. A watan Mayu na shekarar ne kuma gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda samari da 'yan mata suka mai da shi abin maye. Doka tana iya rufe kantin mai sayarwa, amma ba ta iya zama da yaro bayan sallar lisha ta tambaye shi abin da ke damunsa.

Saboda haka magidancin da ke fita Abuja da asuba ya tuna cewa kuɗin cefane ba ya maye gurbin fuskarsa. Mai gareji da tela da mai shago da malamin allo da na boko, kowannensu yana iya zama Abdulkarim ga wani yaro, tun da Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Makarantun Suleja kuma su nemi waɗannan littattafai su ajiye inda hannun ɗalibi zai kai, a karanta a aji, a tambayi yara wane ne a cikin labarin suka taɓa gani a unguwarsu. A Minna, cibiyar Hill-Top da B. M. Dzukogi ya kafa ta nuna cewa 'yan sakandare suna iya rubuta littafi har a buga, babu kuwa abin da zai hana yaran Suleja su rubuta labarin tasharsu da unguwanninsu da kansu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A cikin kowane ɗaya daga littattafan nan mutum biyu ne suke tsere zuwa wajen yaron, wanda ya riga isa kuwa shi yake tafiya da shi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa mu riga miyagu isa gare su, amin.